Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Wanda ya tsaya a bakin titin Sakkwato zuwa Jega da sassafe, tsakanin Boɗinga da Shagari, zai ga 'yan'uwanmu malamai suna sauka daga kwalta ɗaya bayan ɗaya, wani a kan babur ɗinsa, wani a bayan ɗan kabu-kabu, wani a ƙasa, kowa ya nufi ƙauyen da aka tura shi. Da za a tsayar da su a buɗe jakunkunansu, da an tarar da rajista, da littafin tsara darasi, da alli, da jan biro. Kayan hukuma sun cika cif. Amma abin da zai riƙe ran mai jakar idan hanya ta juya masa baya, da wuya a samu ko ɗaya.

Ra'ayina shi ne, tafiyar yini guda ta fi doguwar tafiya yaudara. Mai zuwa Kano tun jajibiri yake shiri, ya sallami iyali, a yi masa guzuri. Mai zuwa makarantar ƙauye kuwa cewa yake yi, “Yanzu zan dawo,” ya fita da silifa da wayar da cajinta bai kai rabi ba. Alhali shi ne zai ratsa fako da kwazazzabo da gonakin da babu kowa cikinsu da rani, sau biyu a yini, kwana biyar a mako.

Ni kaina ba wa'azi ya koya mini ba. Wata ranar Alhamis cikin bazara, bayan an tashi yara, ƙaya ta fasa mini tayar baya, nesa da ƙauyen da na baro, nesa kuma da titi. Na tura babur cikin rairayi har na daina gumi, kaina ya ɗauki sara, na fara ganin hanya biyu-biyu. Waya ta mutu. Wani Bafulatani mai kiwo ne ya hango ni zaune a gindin aduwa, ya miƙo mini gorarsa. Da na farfaɗo sai ya dube ni ya ce, “Malam, kai da ka yi boko, ka shigo daji ba ruwa?” Har yau ban sami amsar da zan ba shi ba.

Kuma gaskiyarsa. Shirin daji ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar nan. Lokacin da Shehu Usmanu yake zaune a Sifawa, kafin ya koma Sakkwato a 1815, almajiran da suke zuwa ɗaukar karatu a ƙasa da bisa dabbobi suke ratso wannan dajin, kuma matafiyin wancan zamani ba ya rabuwa da salka ko gora, da burgamin guzuri, da ƙyastu, da sanda. Makiyayi bai yar da wannan tarbiyya ba. Mu ne babur da wayar hannu suka ruɗa, muka ɗauka nisa ya ƙare.

Ruwa ne farko, kuma a kansa zan fi daɗewa. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin ƙasar Sakkwato yakan haura digiri 40, mai tafiya cikin irin wannan rana kuwa yana iya zubar da lita guda ta gumi cikin awa ɗaya. Saboda haka lita biyu ita ce mafi ƙarancin abin da ya kamata a fita da shi, wato kimanin ledar fiya wata huɗu. Sai dai leda tana fashewa a jaka, gara ƙaramar jarka mai murfi, a naɗe ta da tsumma a jiƙa, iskar hanya ta riƙa sanyaya ta. Kada kuma a jira sai ƙishirwa ta yi tsanani, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Mai azumi ma ya ɗauki ruwansa. Ko bai sha ba zai jiƙa kansa da rigarsa, idan kuwa abin ya kai ga tsoron halaka, malamanmu na addini sun bayyana hukuncin, ba su bar mu cikin duhu ba.

Tare da ruwan a ajiye ƙunshi biyu na garin gishiri da sukari irin na asibiti. Idan babu, a haɗa a gida: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Muna karantar da wannan a darasin kiwon lafiya saboda gudawa, muna mantawa cewa gumi ma gishirin jiki yake kwashewa. Wanda ya fara jiri da ciwon kai, ko maganarsa ta fara rikicewa, a kai shi inuwa, a sassauta tufafinsa, a jiƙa shi, a yi masa fifita. Idan hankalinsa ya gushe kada a ɗura masa ruwa a baki, asibiti za a nufa da shi.

Abinci ba ya buƙatar dogon bayani: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, abin da ba ya lalacewa. Haka malfa ko rawani, da ashana a ƙulle cikin leda, da 'yar wuƙa, da igiya, da babbar leda da za a lulluɓa idan hadari ya taso. Mai babur ya ƙara da kayan faci da famfo da filogi. In hadarin ya zo da tsawa, a guji fakewa a gindin itacen da ya tsaya shi kaɗai a fili, kada kuma a ratsa kwazazzabon da ruwa ke gudu a ciki, ko da bai kai gwiwa ba. Tocila ta zama daban da ta waya, domin ranar da dare ya riske ka a daji ita ce ranar da za ka fi son cajin wayarka. Sai usur. Na san za a yi dariya, amma kowane malamin wasanni yana da shi, kuma ƙararsa tana kaiwa inda muryar wanda ya galabaita ba za ta kai ba.

Maganar maciji ita ce inda nake so mu yi wa kanmu gaskiya, domin abin da da yawanmu muke ɗauka da sunan shiri shi ne yake ƙara ɓarna. Kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe-da-nisa, dafinta hana jini daskarewa yake yi. Mutum zai ga kamar ya sami sauƙi, bayan yini guda jini ya ɓalle ta dasashi da fitsari. To wanda jininsa ba ya tsayawa, ina hikimar a tsaga masa wurin da reza? Ɗaure ƙafa tamau da roba yana iya kashe ƙafar, tsotsa da baki ba ta fitar da dafi, baƙin dutsen da ake tallarsa a kasuwanni kuwa lokaci kawai yake ci. Abin yi shi ne a cire zobe da agogo da duk abin da zai matse idan wurin ya kumbura, a ɗora wa gaɓar sanda a naɗe da bandeji don kada ta motsa, a ɗauki mutumin zuwa asibitin da yake da allurar kashe dafi, ko da sai an dangana da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Don haka jakar ta ƙunshi bandeji, da filasta, da maganin wanke rauni, da farasitamol. Rufaffen takalmi kuma ya fi su duka amfani, tun da yawancin sara a ƙafa ake yin sa.

Akwai abu biyu da ba su da nauyi ko kaɗan. Na farko katin shaidar aiki, tare da takardar da aka rubuta lambobin waya uku da biro. A halin tsaron da muke ciki, baƙuwar fuska a bayan gari da magariba abar tuhuma ce, kati yana iya kashe magana tun ba ta yi tsawo ba. Na biyu, a gaya wa wani hanyar da za a bi da lokacin da za a iso. A nan nake roƙon iyalanmu: uwargida, idan maigida ya ce la'asar zai dawo, aka yi magariba babu shi, wayarsa ba ta shiga, kada kunya ta hana ki kiran shugaban makaranta. Haka maigidan da matarsa take koyarwa a ƙauye.

Na san abin da za a ce. Wani zai ce albashin da bai kai ƙarshen wata ba, da me za a sayi wannan tarkace? Rabinsa yana cikin gidajenmu yanzu haka, sauran kuma ana iya tara shi ɗaya-ɗaya. Wani zai ce ai tsaro na Allah ne. Haka ne, amma tun muna makarantar allo aka karantar da mu cewa riƙon sababi ba ya warware tawakkali. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta mai cewa jaka ba ta tare ɗan bindiga, ba ta gyara hanya, kuma idan muka ɗora wa malami nauyin kare kansa mun sauke wa hukuma nata. Wannan na yarda da rabinsa. Wajibi ne ƙungiya ta ci gaba da neman alawus na masu aiki a ƙauyuka da gidajen malamai kusa da makarantu. Amma kafin a amsa takardarmu, gobe da safe akwai wanda zai hau babur.

Ba mu kaɗai muke shiga daji ba. Mutanen Shagari ba su manta da watan Afrilun 2022 ba, lokacin da kwale-kwale ya kife da 'yan Gidan Magana, aka rasa rayuka kusan talatin, galibinsu yara da matasa da suka fita neman itacen girki. Allah Ya jiƙansu. Su ma fitar rabin yini suka yi. Gora da tocila ba za su tsirar da su ba, rigar hana nutsewa da ƙin cika jirgi fiye da kima su ne shirin mai ƙetare ruwa. Yaran da suke zaune gabanmu a aji su ne masu zuwa itace da kiwo da ɗiban ruwa, kuma yaron da ya ga malaminsa yana duba jarkarsa kafin ya tashi ya karɓi darasin da ba a rubuta a allo ba.

Shawarata ga shugabannin reshe ita ce a sa wannan batu cikin ajandar taro mai zuwa. A sayo bandeji da garin gishiri da sukari da usur a sari ta asusun taimakon juna, a raba a farashin saye. A gayyato ma'aikacin lafiya ya nuna mana ɗaurin gaɓa da hannunsa, ko na awa ɗaya ne. Malaman da suke bin hanya ɗaya su san juna, su riƙa fita tare, na ƙarshen isowa gida ya sanar. Ni dai zan zo taron da tawa jakar, in zazzage ta a kan tebur, wanda ya ga abin da na manta ya gaya mini.