AFUWAR YOLA DA SAURAN SAMARIN DA AKA MANTA A KURKUKU

A cikin watan Disamba na 2025, Gwamnan Jihar Adamawa, Alhaji Ahmadu Umaru Fintiri, ya yi amfani da ikon da sashe na 212 na tsarin mulkin ƙasa ya ba shi, ya yi wa fursunoni uku afuwa, ya kuma yafe wa waɗansu biyar sauran wa'adinsu. Dalilin da gwamnati ta bayar shi ne an ga halinsu ya gyaru a shekarun da suka yi a tsare. Wanda sunansa ya fi fita a cikinsu shi ne Sunday Jackson, wani manomi ɗan ƙasar Demsa, wanda aka kama a 2015 yana saurayi, bisa zargin kashe wani makiyayi a faɗan da ya kaure tsakaninsu a gona. Shi dai ya ce kare kansa ya yi. Babbar Kotun Jiha da ke Yola ta yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da hukuncin a watan Maris na 2025, ko da yake ɗaya daga cikin alƙalan ta saɓa wa sauran. Kafin ya fito sai da ya haura shekara 10 a tsare.

An yi ta gardama a kan wannan shari'a, kuma babu alamar za a daina nan kusa. Rai ya salwanta, iyalin mamacin kuma suna da haƙƙin a tuna da su. Amma akwai wata magana da hayaniyar ta rufe, wato dalilin nan na gyaruwar hali. Tun da gwamnati da kanta ta yarda mutum yana iya shiga kurkuku da wani hali ya fito da wani, to wane ne ke lura da wannan canji ga dubban samarin da ke tsare, waɗanda babu jaridar da ta taɓa buga sunansu? Wane ne zai tsaya gaban hukuma ya shaida cewa wane ya gyaru?

Ba sabon abu ba ne mutum ya shiryu a ɗaure. A Amurka, Malcolm X ya shiga kurkuku a 1946 yana da shekara 20, bisa laifin fasa gidaje. A can ya duƙufa ga karatu, har yakan kwafi ƙamus shafi bayan shafi don ya san kalmomi. Ya fito a 1952, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu kare haƙƙin baƙar fata, ya yi aikin Hajji a 1964, a shekarar nan kuma ya ziyarci Nijeriya. Abin lura a labarinsa shi ne 'yan'uwansa ba su yar da shi ba. Suna rubuta masa wasiƙu, suna zuwa ganinsa, yayarsa kuma ita ce ta yi ta ƙoƙari har aka mai da shi wani kurkuku mai babban ɗakin karatu. Littafi, da malami, da ɗan'uwa mai zuwa ziyara, su ne suka yi wannan aiki.

A takarda, dokar Nijeriya ta san da haka. A da can gidajen yari na Arewa suna hannun En'e, ƙarƙashin Yari, har zuwa 1968 da Gwamnatin Tarayya ta haɗe su duka a hannunta, sa'an nan ta kafa Doka ta 9 ta 1972. A watan Agusta na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar doka wadda ta mai da Hukumar Gidajen Yari ta koma Hukumar Gyaran Hali. Dokar ta ce a koya wa ɗaurarru ilmi da sana'a. Ta hana a haɗa yara da manya wuri ɗaya, ta kuma ce a kafa gidajen horon yara masu laifi a kowace jiha. Ta ba Babban Jojin jiha ikon mai da hukuncin kisa ya koma ɗaurin rai da rai idan mutum ya gama ɗaukaka ƙara kuma shekara 10 ta wuce ba a zartar ba. Har ila yau ta tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga wanda ya cancanta, ta kuma hana a nuna wa mai wannan takarda bambanci saboda ya taɓa zaman kurkuku. Ban da wannan, Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa tana da cibiyoyi a waɗansu gidajen yari, har da Kirikiri a Ikko, inda fursunoni ke karatu kyauta har su sami digiri.

Sai dai tsakanin takarda da aiki akwai tafiya mai nisa. Shekara da shekaru gidajen horon yara na Tarayya guda uku ne kurum aka sani, a Kakuri ta Kaduna, da Ilori, da Abekuta. Saboda haka yaron da ya yi laifi a Yola ko Jimeta sau da yawa yakan ƙare a ɗaki ɗaya da riƙaƙƙun ɓarayi, su zama malamansa. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan kuwa jiran shari'a suke yi, ba a same su da laifi ba tukuna, kuma galibi ba a sa mai jiran shari'a cikin masu koyon kafinta, ko ɗinki, ko walda. Sai saurayi ya cinye shekarun ƙarfinsa a zaune. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a nan sai an bari ya bushe.

Idan aka duba waɗanda suka sami fita kuwa, za a ga yawancinsu masu wanda zai yi magana dominsu ne. Janar Olusegun Obasanjo ya yi zaman kurkuku a Yola, aka sake shi a watan Yuni na 1998, a 1999 ya zama Shugaban Ƙasa. Duniya duka ta san inda yake tun ranar da aka kulle shi. A Jihar Osun an kama Segun Olowookere a 2010 yana da shekara 17, aka yanke masa hukuncin kisa a 2014 bisa fashin da ya haɗa da satar kaji, bai sami afuwar Gwamna Ademola Adeleke ba sai a watan Disamba na 2024, bayan kukan iyayensa ya bazu ko'ina. Sunday Jackson ma yana da lauyoyi da ƙungiyoyi da suka tsaya masa har ƙasashen waje. Babu laifi a cikin wannan. Laifin shi ne a bar afuwa ta zama rabon mai ƙarfin murya kaɗai.

A nan ne maganar ta shafi mutanen Arewa mazauna Kurmi kai tsaye. Saurayi yakan baro Damare, ko Jambutu, ko Luggere, ya hau motar shanu ko ta albasa ya sauka Ikko neman abin kansa. Ya kama acaɓa, ko dako, ko gadi. Wata rana a yi samame, irin waɗanda suka yawaita bayan hana acaɓa a waɗansu sassan Ikko a 2020 da 2022, ko kuwa a yi faɗa a kasuwa, a kwashe shi. Wani ya aikata laifin, wani kuwa tsautsayi ne. A kotu ba ya jin Turanci, ba ya jin Yarabanci, bai kuma san cewa sashe na 36 na tsarin mulki ya ba shi haƙƙin tafinta kyauta ba. Daga nan sai Kirikiri, ko Ikoyi, ko Agodi ta Badun. Iyayensa a gida su yi ta cigiya har su gaji, wasu su ɗauka ya mutu, wasu su ce duniya ce ta ɗauke shi. Ko da wannan yaro zai sauke Alƙur'ani a ciki, ko ya ƙware a ɗinki, ko ya zama abin yabo wajen gandirobobi, babu wanda zai ɗauki labarin ya kai gaban gwamna.

Saboda haka aiki na farko yana wuyan shugabannin jama'a a zango. Ya kamata Sarakunan Hausawa na Agege, da Idi-Araba, da Sabon Badun, da Shagamu, tare da ƙungiyoyin 'yan kasuwar shanu, da goro, da kayan gwari na Mil 12, su buɗe littafi su rubuta sunan kowane ɗan Arewa da ke tsare a yankinsu, da garinsu, da laifin da ake tuhumarsa, da shekarar da ya shiga. Su naɗa mutane masu zuwa ziyara ko da sau ɗaya a wata, da limamai ko fastoci bisa ga addinin ɗaurarren. Su aika wa iyaye labari. Akwai Hukumar Ba Da Taimakon Lauya, wadda aka kafa a 1976 don marasa hali, amma sai an je an kai mata ƙara. Manyan Joji sukan kewaya gidajen yari su saki waɗanda suka daɗe suna jiran shari'a, kowace jiha kuma tana da kwamitin da ke ba gwamna shawara a kan afuwa. Duk waɗannan ƙofofi ne a buɗe, amma wanda ke kulle ba ya iya ƙwanƙwasa su da kansa.

Aiki na biyu na gwamnati ne. Tun daga watan Maris na 2023, gyaran da aka yi wa tsarin mulki ya ba jihohi ikon kafa gidajen gyaran hali nasu. Jihar Adamawa da maƙwabtanta ba su da sauran uzurin rashin gidan horon yara. Ya kamata kuma a ƙa'ide cewa duk wanda aka ɗaure yana ƙasa da shekara 21, kuma ya cika shekara 10, za a sake duba takardunsa ko akwai mai roƙo dominsa ko babu, a ji ta bakin gandirobobi da malamansa, a kuma ji ta bakin waɗanda ya cuta. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela, sun ce a ajiye ɗaurarre kusa da gidansu gwargwadon iko. Ɗan Yola mai dogon wa'adi a Ikko ya fi dacewa a mai da shi Yola, inda mahaifiyarsa za ta iya shiga mota ta je ta gan shi.

Gaskiya ne ba kowa ke gyaruwa ba. Akwai wanda sakinsa haɗari ne ga jama'a, kuma babu mai hankalin da zai ce a buɗe ƙofa kowa ya fita. Dalilin ke nan ma da ya sa ake bukatar bincike na ƙa'ida, don a rarrabe wanda ya tuba da wanda ke jiran dama. Dokar 2019 ta kuma tanadi sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka yi wa laifin, abin da al'adar Arewa ta riga ta sani tun kafin zuwan Turawa.

Aiki na uku kuwa yana jiran kowa da kowa a ranar da mutum ya fito. Wanda ya shiga yana ɗan shekara 19 ya fito yana 35 ba shi da jari, ba shi da mata, abokansa sun yi masa nisa. Idan mai gareji ya ƙi ɗaukarsa, mai shago ya ƙi ba shi bashin kaya, unguwa ta riƙa nuna shi da baki, to an tura shi wajen mutanen da kaɗai za su karɓe shi, wato tsofaffin abokan ɗakinsa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Gwamna yana iya sa hannu a takarda a cikin minti ɗaya, amma ba shi zai ba mutum keken ɗinki da wurin zama a rumfa ba. Wannan aikin dangi ne, da maigida, da maƙwabci, ko a Damare ko a Agege.