Kama Da Wane Ba Ta Wane

In aka ce wa manomi akwai mutanen da ba su da sana'a sai kiwon tsaka, lalle zai yi dariya, ya ce abin mamaki ba ya ƙarewa a duniya. Tsaka dai a ƙasar Hausa ba abar ƙauna ba ce, in an gan ta a bango sai a nemi takalmi. Amma a Amurka da Turai da Japan akwai wata irin tsaka da ake kiwo cikin akwatuna, ana ciniki kamar yadda ake cinikin tantabaru. Masu wannan sana'a kuwa sun gano waɗansu abubuwa game da gadon launi waɗanda ya kamata ko wane mai sayen bunsuru ko zakara don iri ya ji su.

Asalin wannan tsaka busassun wurare masu duwatsu ne na Pakistan da Afganistan da Iran da arewa maso yammacin Indiya. Tsawonta ya kan kai inci 8 zuwa 10, jikinta rawaya ne da ɗige-ɗige baƙaƙe, shi ya sa ake ce mata tsaka mai zanen damisa. Ba ta hawan bango kamar ta ɗaki, ba ta da dafi, tana ƙifta ido, tana kuma tara kitse a wutsiya kamar yadda raƙumi ke tarawa a tozo. Abincinta gyare ne da tsutsa. Ta kan yi ƙwai biyu biyu, sau da dama cikin shekara, su ƙyanƙyashe cikin wata ɗaya da rabi ko biyu, 'ya'yan kuma su isa haihuwa cikin kamar shekara guda. Saboda haka abin da mai shanu zai shekara 20 kafin ya gani, mai tsaka ya kan gan shi cikin shekara 5.

Abu na farko da sabon shiga ke koya shi ne launin ranar ƙyanƙyasa ba abin dogara ba ne. Jaririyar tsaka ta kan fito da faffaɗan zane a gicciye, baƙi da rawaya, sai tana girma zanen ya farfashe ya koma ɗige-ɗige. Har wa yau zafin wurin da aka ajiye ƙwai yana da hannu cikin al'amarin. In zafin ya tsaya wajen digiri 26 a ma'aunin santigiret, kusan duka mata za a samu, in ya kai wajen digiri 32 sai maza su yi rinjaye. Launi ma haka, ƙwan da ya ƙyanƙyashe cikin sanyi ɗansa ya kan fi duhu, na cikin ɗumi ya fi haske. To, wannan hasken ba gado ba ne, ba ya bin jini. Daidai yake da ƙibar ragon da aka turke ana ba shi dusa da harawa, wanda in aka sake shi cikin tumaki 'ya'yansa ba za su zo da ƙibar dusa ba.

Inda maganar ta fi daɗi shi ne wajen zabiya. Cikin shekarar 1996 wani mai kiwo a jihar Texas ta Amurka, sunansa Ron Tremper, ya fito da tsaka wadda ba ta da baƙi a jiki, sai rawaya da ja-ja da ruwan ƙasa. Ba a daɗe ba wasu mutum biyu, Tim Rainwater da Mark Bell, ko wannensu ya fito da tasa zabiyar. Aka shiga kiran ko wane iri da sunan mai shi, har yau kuwa haka ake kiransu. Masu kiwo su kan ce ana bambanta su da ido, wai ta Bell idonta ya fi ja-ja, ta Rainwater ya fi duhu. Amma gwanayen cikinsu sun yarda wannan ba shaida ba ce da za a kai gaban alƙali.

Ko wane mai hankali zai zaci in aka haɗa zabiya da zabiya, zabiya za a samu. Haka ne in gidansu ɗaya. Amma in aka haɗa namijin Tremper da macen Bell, sai 'ya'yan duka su fito da baƙaƙen ɗige-ɗigensu kamar na daji, ko zabiya ɗaya babu. Dalili kuwa shi ne jiki ba ya yin baƙin launi da abu ɗaya, kuma abin da ya ɓaci a gidan Tremper dabam yake da wanda ya ɓaci a gidan Bell. Misalinsu kamar marina biyu ne, ɗaya ba shi da baba, ɗaya ba shi da toka. Ko wannensu shi kaɗai ba ya iya rini, amma ran da suka haɗa kaya sai karofi ya yi baƙi.

Tushen wannan ilmi ya girmi kiwon tsaka nesa ba kusa ba. Wani malamin Kirista, Gregor Mendel, a garin Brno na ƙasar Cek ta yanzu, shi ya fara bayyana shi cikin 1865, bayan ya yi shekaru yana barbarar wake irin na Turai a lambu. Ya haɗa mai jan fure da mai farin fure, 'ya'yan duka suka yi ja. Da ya bar waɗannan 'ya'ya suka ba da nasu iri, sai ya ƙirga jikoki 705 masu jan fure, 224 masu fari, watau kusan uku bisa ɗaya. Bayanin shi ne ko wane hali irin wannan ƙwayar gado biyu gare shi, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Wata ƙwayar mai rinjaye ce, ko ita kaɗai ce sai ta nuna kanta. Wata kuwa mai ɓuya ce, ba ta fitowa sai ta gamu da 'yar'uwarta daga ɗaya ɓangaren. Zabiyar tsaka mai ɓuya ce. Wanda ya taɓa jin bayanin ciwon sikila a asibiti ya riga ya san wannan lissafi, gama shi ne ke sa iyaye biyu lafiyayyu su haifi mai ciwon.

Ga abin da ya shafi 'yan kasuwa. In aka haɗa tsaka biyu masu kamar na daji, amma ko wacce tana ɓoye da ƙwayar zabiya iri ɗaya, bisa lissafi cikin 'ya'ya 4 ɗaya zabiya ce, biyu suna ɓoye da ita, ɗaya ba ta da ita sam. Waɗannan ukun kuwa ba mai iya rarrabe su da ido. Don haka mai gaskiya cikin masu sayarwa ba ya cewa ga mai ɗauke da zabiya, sai ya rubuta a takardar ciniki cewa kashi 66 cikin 100 ne, ya kuma rage kuɗi. Mai saye in yana son tabbaci sai ya haɗa ta da zabiya sosai ta wannan gida. In ɗa ko ɗaya ya fito zabiya, magana ta ƙare. In an sami 'ya'ya 6 a jere ba zabiya, da wuya ƙwarai a ce tana ɗauke da ita, don sau ɗaya cikin 64 ne haka ke faruwa ga mai ɗauke da ita. Ban da haka, masu kiwo suna ganin aibi ne babba mutum ya gauraya gidajen zabiya, domin jikokin ba mai sanin ko na wane gida ne, wanda ya saya kuma ya yi cinikin biri a sama.

Ba dukan launi ne ke bin wannan lissafi ba. Akwai masu ruwan goro mai ƙuna, waɗanda ba ƙwaya ɗaya ce ta ba su launin ba. An same su ne ta zaɓen mafi launi a haɗa da mafi launi, shekara da shekaru. Irin wannan in aka haɗa shi da bare sai ya dusashe. Yawan nono da girman jiki a dabbobin gida galibi ta wannan hanya suke tafiya, shi ya sa bunsuru ɗaya ba ya gyara garke cikin damina ɗaya.

Amma son launi ya jawo ɓarna, kuma nan ne ya kamata a tsaya a yi tunani. Akwai wani iri da ake kira Enigma, mai kyan zane, wanda ƙwayarsa mai rinjaye ce. Da yawa cikinsu su kan tashi da ciwon jijiya, tsaka ta riƙa karkata kai, tana zagaya wuri ɗaya, ta kai wa gyare cafka ta kuskure. Wani irin kuma, Lemon Frost, fari ne da rawaya mai ƙyalli. Cikin 2015 wani mai kiwo na jihar Kalifoniya, Steve Sykes, ya sayi namiji da mace a kan dala 10,000. Ya sami 'ya'ya da jikoki ɗaruruwa, sa'an nan ya lura waɗansu fararen ƙulle-ƙulle suna fito musu a fata. Bai ɓoye ba, ya bar masana na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles suka bincika, suka buga sakamako cikin 2021. Sun tarar fiye da kashi 80 cikin 100 na masu wannan launi suna yin ƙari, kuma launin da ƙarin daga wuri ɗaya suke fitowa cikin ƙwayoyin gado. Waɗanda suka gaji ƙwayar ta wajen uwa da uba duka, nasu ya fi muni. Watau ba yadda za a tsame kyan a bar cutar.

Akwai masu cewa ai mai saye shi ke so, kuma ba ko wacce ce ke nuna ciwo ba. Wannan hujja ba ta da ƙarfi. Mai saye launi ya gani, bai ga abin da zai fito bayan shekara biyu ba, mai sayarwa kuwa ya sani. Wanda ya san aibin hajarsa ya yi shiru, ko a kasuwar ƙauye an san sunan abin da ya yi. Tsakar da ba ta nuna ciwo ba kuma tana iya ba 'ya'yanta, su su nuna.

Kada mai awaki ya ce wannan ruwan masu tsaka ne. Masu kiwon awakin madara na Turai, irin su Saanen ta ƙasar Suwizalan, sun so awaki marasa ƙaho don sun fi sauƙin riƙo, suka yi ta haɗa marar ƙaho da marar ƙaho. Sai aka ga mata-maza suna yawaita cikin 'ya'yan, ba su haihuwa, ba su ba da nono. Ashe rashin ƙaho mai rinjaye ne, amma ɗiyar da ta gaje shi ta ɓangare biyu ita ce ke zama mata-maza. Maganin abin ba tsada, a tabbata ɗaya cikin iyayen an haife shi mai ƙaho. Sai dai a kula, wanda aka ƙone wa ƙaho yana ƙarami mai ƙaho ne a jini, ko da ido bai ga kome a kansa ba. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ma, wadda fatarta ta yi suna har Turai, jan gashinta alama ce mai kyau, amma ba ya faɗin ko uwarta mai tagwaye ce, ko ta yi ɓari sau nawa. Ya kan faru kuma ja da ja su haifi baƙi, a yi ta zargin bunsurun maƙwabta alhali abin yana kwance cikin jininsu tun kakanni.

Abin da ya raba mai tsaka da yawancin masu awaki ba wayo ba ne, rubutu ne. Ko wane akwati da takardarsa, an rubuta uwa da uba, da ranar da aka yi ƙwai, da zafin da aka ƙyanƙyashe shi. Mai garke ma littafi ɗaya irin na 'yan makaranta ya ishe shi shekaru, da boko ko da ajami, in bai iya ba ɗansa ko malamin gona ya rubuta masa. Ko wace akuya a ba ta shafi guda, a sa ranar haihuwa, da bunsurun da ya hau ta, da yawan 'ya'ya da launinsu, da wanda ya zo da naƙasa ko ya mutu kafin yaye. Wanda zai sayi bunsuru don iri kuwa, gara ya bar na kasuwa wanda dillali kaɗai ya san inda ya fito, ya taka har gidan mai shi, ya ce a nuna masa uwar da 'yan'uwan da suka sha nono ɗaya.