Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mdou Moctar, Daga Haɗejiya



Malam Mahamadu, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali, da abokan kiɗanka Ahmoudou da Souleymane da Mikey, da mutanen Agadas baki ɗaya. Ba ka san ni ba, amma maƙwabta muke. Kogin da ya bi ta gefen garinmu, idan ya haɗu da na Jama'are, shi ne yake zama Komadugu Yobe, ya bi iyakar ƙasarku da tamu ta wajen Diffa har ya faɗa Tafkin Chadi. Da wannan haƙƙin na maƙwabtaka nake rubuto maka.

Gardama ce ta kaure a kanka. Kada in yaudare ka, masu sauraronka a nan ba su da yawa. Kunnen garin nan na waƙoƙin fim ne, da na siyasa, da begen Annabi. Amma 'yan tsirarun da suke ajiye da kai a waya ba su bar juna sun huta ba tun da Funeral for Justice ya fito a watan Mayun 2024. Da ka sake fitar da waƙoƙinsa da sanyin murya a Tears of Injustice, a Fabrairun 2025, maimakon wutar ta lafa sai ta ƙara ruruwa. Na ga ya kamata ka ji abin da ake cewa, sannan ka ji nawa.

Na farko su ne tsofaffin masoyanka, yawanci direbobi da 'yan tireda masu zirga-zirgar kasuwar Maigatari. Su ba su san ka ta jarida ba. Ta mimori suka san ka, lokacin da ake tura waƙa daga waya zuwa waya a shagon caji. Hukuncinsu gajere ne: "Mdou ya zama na Turawa." Suna tuna Anar, wanda ka naɗa a Sakkwato a 2008, da kiɗan na'ura da murya mai gyara irin ta waƙoƙin finafinanmu. Wannan, in ji su, mutum zai saka shi a mota daga nan har Damagaram bai ji kansa ya yi nauyi ba. Wani daga cikinsu, mai noman shinkafa a fadama, da aka kunna masa waƙar farko ta Funeral for Justice, ya ce kamar injin ban-ruwa ne da salansarsa ta cire. Aka yi dariya, shi kuwa da gaske yake. Kuma suna da abin kafa hujja. Sun san wani Ba'amurke ne, Christopher Kirkley, ya tsinci "Tahoultine" a wayoyin mutane, ya sa ta a kundin da ya tattara, sannan ya shiga nemanka. Daga nan sai fim ɗinka na Agadas na 2015, sai Ilana a 2019, sai kamfanin Matador na New York. A lissafinsu, duk takun da ka yi gaba, nesa da su ka yi.

Na biyu samari ne, yawancinsu ɗalibai, da suka gano ka a YouTube bayan Afrique Victime na 2021. Waɗannan kunnensu ya riga ya saba da kiɗan jita mai nauyi na ƙasashen waje, irin wanda waƙa ɗaya takan kai minti goma ko ashirin, kiɗan yana sauya taku sau da yawa kafin a ƙare. Su ne suka koya mini cewa irin wannan rikici tsohon abu ne a can. Ƙungiyar Opeth ta ƙasar Suwidin ta daina waƙa da muryar gurnani a kundinta Heritage na 2011, masoyanta suka dare gida biyu, aka yi shekara goma sha uku ana jayayya, har gurnanin ya dawo a kundin 2024, sai kuma waɗanda suka saba da sanyin suka fara ƙorafi. Dream Theater ta Amurka ma haka: makaɗin gangunanta Mike Portnoy ya fita a 2010, ya dawo a 2023, kuma tsakanin nan duk kundin da ya fito sai an auna shi da rashin mutum ɗaya. A wurin samarin nan Funeral for Justice shi ne ƙololuwar aikinka. Suna maganar saurin hannun Souleymane, da yadda yatsun hagunka suke gudu a kan tsirkiya, suna kwatanta ka da Eddie Van Halen. Tears of Injustice kuwa bai burge su ba. Wai babu wuta a ciki. Laifinsu a wurina ɗaya ne: yatsu suke saurare. Ban ji ɗayansu ya tambayi abin da bakinka yake faɗa ba.

A kan batun ƙara, ni ban bi bayan tsofaffin ba, duk da cewa da su na fi zama. Zargin cewa don Turawa ka ɗaga sauti bai tsaya da ƙafarsa ba. Wanda ya kalli bikin aure na Agadas, ko ya saurari naɗe-naɗen gida da kuka fitar a 2022 da sunan Niger EP, ya san yadda abin yake: janareta yana ruri, sifika tana kuka, mai ganga yana ƙara wuta har ƙura ta turnuƙe. Wannan hayaniyar ta gida ce. Abin da kasuwar Turai ta fara ƙauna a kiɗan Abzinawa ma shi ne mai natsuwa, irin wanda ya kai Tinariwen ga kyautar Grammy a 2012. In kuwa akwai kundin da ka ɗinka daidai kunnen wasu, to Anar ne, kuma kunnen namu ne, na Hausawa. Wanda yake kukan ka bar asalinka, a gaskiya kukansa ka bar situdiyon Sakkwato.

Kuma mu Haɗejiyawa ba mu da bakin yi wa wani gorin barin gida. A garin nan aka yi Haruna Uji, wanda gurminsa ya kai sunan Haɗejiya inda ƙafarmu ba ta je ba. Yau je ka biki goma a unguwannin nan ka ƙirga gurmi nawa za ka gani. Fiyano da kwamfuta sun cinye filin, mu da kanmu muka ba su, ba wanda ya sa mana wuƙa a wuya. Kai da ka haɗa jitarka ta farko da katako da wayar birkin keke, a gidan da ba a son kiɗa, har yanzu tsirkiya kake kaɗawa da hannu.

Kashi na uku ne suka sa na ɗauki alƙalami, domin su ne suka fi yawa kuma maganarsu ta fi daɗin ji. Su ba ruwansu da ƙara ko sanyi. Cewa suke: "Ya yi mana da Hausa mana. Ai a Agadas ma Hausa ake yi a kasuwa. In ya yi da Hausa, Kano kaɗai ta ishe shi arziki." Ta fuskar ciniki ba su yi ƙarya ba. Kuma tun da gwamnatin sojan ƙasarku ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, ta mayar da Faransanci harshen aiki, sai suka ƙara samun ƙwarin gwiwa. A nan an yi murna da wannan labari, ni ma na yi.

Malam Mahamadu, kada ka saurare su.

Na san waƙarka "Imouhar" kira ce ga mutanenka su riƙe Tamashek, su yi magana da shi, su rubuta shi, kada ya salwanta a hannun 'ya'yansu. Masu sharhi na waje sun ɗauka da Faransanci kaɗai kake. Mu nan mun san akwai wani mai haɗiye harsuna da ya fi Faransanci kusa da ƙofar gida, kuma shi ne wannan da nake rubuta maka wasiƙa da shi. Garin Auyo yana nan dab da mu, tsohon gari mai tarihi. Auyokawa suna da harshensu na kansu a da. Yau babu mai yin sa. Ya mutu, kamar yadda na Shira da na Teshena suka mutu a wannan yanki. Ba Bature ne ya kashe su ba, ba a kuma yi yaƙi a kansu ba. Kasuwa ce, da auratayya, da zaman birni, da kunyar yaro kada a ce masa baƙauye. Uwa ta ga Hausa ta fi amfani, ta yi wa ɗanta Hausa, jikanta ya tashi bai san an taɓa yin wani abu ba. Yanzu haka Badawan Guri da Mangawan Birniwa suna kan wannan hanya. Za ka iske dattijo yana yi wa jikansa magana da harshen gida, yaron yana amsawa da Hausa. Ina son harshena, da shi nake ci, da shi nake mafarki. Amma ba na son ranar da za a tashi daga Agadas zuwa Gashuwa ba a ji komai ba sai shi. Masu jin Hausa miliyoyi ne barkatai, mawaƙanmu ba sa ƙirguwa. Ba mu rasa mai yi mana waƙa ba. Tamashek ne yake bukatarka.

To, kada ka ɗauka yabo kaɗai na zo da shi. Akwai "Oh France". Na fahimci zafin da ke cikinta. Ku kuna da Kawsan, wanda ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas a 1916 zuwa 1917. Mu muna da Sarki Muhammadu, wanda ya ƙi miƙa wuya ga Ingilishi, ya yi shahada a cikin garin nan a 1906. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit ana haska biranen wasu, alhali ƙauyukanku suna kwana a duhu, har Najeriya ta iya yanke muku lantarki da rana tsaka a 2023. Na kuma san kun gama naɗar kundin da waƙar take ciki kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da faɗin wannan magana yake bukatar ƙarfin hali, kuma ka fito ka ce ba ka goyon bayan juyin mulki ko da yake ba ka son zaman Faransa a ƙasarka. Sai dai sojojin Faransa sun tattara sun tafi tun Disambar 2023. Yau zagin Faransa a Yamai ba ya sa a kama kowa. Masu mulki ma shi suke yi. Mu a bakin kogin nan mun daɗe da sanin cewa ba kowane zalunci ne yake tsallako teku ba. An datse ruwanmu a Tiga a 1974, an ƙara a Challawa a 1992, tsarin ambaliyar da manomi da masunci da makiyayi suka gada ya rikice. Ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya bushe, wani ya nutse. A 2020 da 2022 samarin gari ne suka kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga, shinkafar mutane tana ƙarƙashin ruwa. Babu Bafaranshe ko ɗaya a cikin wannan labari. Kundinka na gaba, abin da zan kasa kunne in ji shi ne me za ka ce da na gida. Mawaƙanmu na nan da yawa sun zaɓi mota da kujerar Makka. Kai ba ka saba mana da haka ba.

Game da Tears of Injustice, ya sasanta ka da wasu daga cikin direbobin, ko da yake ba za su furta ba. Da na ba su labarin yadda aka yi shi, cewa juyin mulki ya rutsa da ku kuna yawon wasa a Amurka, aka rufe iyaka, masoya suka yi karo-karo don ku samu abin zama, kuka shiga situdiyo a Brooklyn da jita marar lantarki, sai mai maganar injin ban-ruwa ya yi shiru, can ya ce a tura masa. Mu ma rufe iyakar nan ta taɓa mu, kasuwar Maigatari ta yi watanni tana kwance. Ni dai a cikin biyun na fi son na farkon, Funeral for Justice. Maganar da ke cikin waƙoƙin nan ta mai fushi ce, kuma a wancan kundin ne kiɗan ya yi fushi tare da ita. Na biyun na dare ne, in gari ya yi tsit.

Saura ƙorafi ɗaya da duk ɓangarorin uku suka haɗu a kai, ni ma ina ciki. Kiɗanka ya fara tafiya ne a aljihun talaka, kyauta, daga waya zuwa waya. Yanzu ana buga shi a faifan garmaho ana sayarwa da dala, mu kuwa sai wanda ya iya sayen data. An fassara kalmominka da Ingilishi don mutumin Landan ya san abin da kake cewa, maƙwabcinka na Jigawa yana gyaɗa kai bai san me ake faɗa ba. Abu biyu nake roƙo. Ka ci gaba da waƙa da Tamashek, amma ka sa a fassara mana ma'anar da Hausa, a rubuce a ƙasan bidiyo ko a faɗe ta da baki, yadda wanda bai yi boko ba zai ji. Sannan ka ɗauko su Ahmoudou ku tsallako. Ku fara da Sakkwato, inda aka naɗi Anar, ku biyo ta Kano. In Allah ya sa kun iso Haɗejiya, ku zo bayan kaka, lokacin da ruwa ya janye kuma manomi yake da kuɗin shiga fili. Masauki da kifi a wuyanmu. Janareta ma za a samo babba, kada ka rage sautin saboda kowa.

Allah ya tsare hanya, ya ba ƙasashenmu biyu zaman lafiya. A gai da mutanen Abzin.

Wassalam.

Naka,
Mai sauraronka daga Haɗejiya, Jihar Jigawa.