Rangwamen haraji ga kamfanin da bai ɗauki ƴaƴanmu aiki ba, wa ke biya?

Iyaye da malaman Kanan Bakashe, Mayahi da Tasawa, wannan magana tamu ce, ko da yake a Yamai ake yanke ta.

Dokar zuba jari ta Nijar tana ba manyan kamfanoni rangwamen haraji da na kwastan. Hujjar hukuma ita ce za su samar wa ƴan ƙasa aiki. To, harajin da aka yafe kuɗi ne da ya kamata ya shiga baitulmali, a gina aji da shi, a biya malamin kwantiragi a kan lokaci. Ba mu manta da gobarar Nuwamban 2021 a Maradi ba, wadda ta ci rayukan yara fiye da 20 a azuzuwan zana. Ƙasar da ƴaƴanta ke karatu a irin wannan aji ba ta da rarar da za ta yi kyauta da ita.

A dubi harkar man fetur. Matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, kamfanin CNPC na Sin ke da kashi 60, Nijar 40. Bayan shekara 14, a Maris 2025, gwamnati ta kori shugabanni uku ƴan Sin na CNPC, SORAZ da WAPCO. Ministan man fetur na lokacin, Sahabi Oumarou, ya ce matsakaicin albashin baƙo dala 8,678 ne a wata, na ɗan ƙasa kuwa dala 1,200. Shekara 14 ta isa yaron da ya shiga aji ɗaya ya kai jami'a. In har yanzu ana cewa babu ƙwararru a gida, laifin na wanda bai koyar ba ne, da wanda bai tilasta a koyar ba.

Wani zai ce ƙyamar baƙi ce. A'a. Mu da ƴaƴanmu ke cin rani a Kano, Legas da Libiya mun san darajar a karɓi baƙo. Injiniyan da ya zo da sanin da ba mu da shi, marhabin da shi. Abin ƙi shi ne a ba kamfani rangwame da sunan samar da aiki, shi kuma ya miƙa kwangila ga wani kamfanin da zai kwaso har direba da mai walda daga waje. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi ke nan.

Dokar fifita ƴan ƙasa a ayyukan ma'adinai da man fetur ta fito a 2024. Sai dai doka a takarda ba ta ɗaukar kowa aiki. Duk kamfanin da ke son rangwame ya bayyana yawan ƴan Nijar da baƙin da yake biya, har da na ƴan kwangilarsa. Kowane baƙo a haɗa shi da ɗan ƙasa mai koyo, a sa wa'adin miƙa aiki. Ɗaliban EMIG da na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo su samu gurbin horo. Wanda ya saɓa, ya maido da harajin da aka yafe masa.

Malamai, ku kai maganar ƙungiyoyinku. Iyaye, ku tayar da ita a taron kwamitin lakwal da gaban hukumomin gari. Mun sayar da gero da awaki don yaran nan su yi karatu, muna da haƙƙin tambayar inda aikin yake.