Zongon Kumasi: Darasin 1957 bai tsufa ba

Idan aka tuhumi ɗan zongo kan asalinsa wajen neman Ghana Card, dattawan Kumasi kan tuna Agustan 1957. A lokacin ne gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Othman Larden, jagororin jam'iyyar adawa ta MAP, zuwa Najeriya, wai baƙi ne. Da suka garzaya kotu, majalisa ta yi doka ta rufe shari'ar. A 1964 jam'iyya ɗaya ta rage.

A Poland, cocin Katolika da ƙungiyar Solidarity suka riƙe jama'a a ƙarƙashin 'yan kwaminis har zaɓen 1989. Mu ma muna da masallatai da sarakuna. Su tsaya kan takardar haihuwar kowane yaro, kafin siyasa ta sake mai da mu baƙi.