Kafin ka yar da kafiretar tsohon babur ɗinka, duba robar wuyanta



Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, na lura wasu daga cikinmu sun jingine mota, sun koma sun kakkaɓe tsoffin baburan da suka daɗe a bayan ɗaki: su Honda da Suzuki da Yamaha na shekarun 1970 da 1980. Kuma kusan kukan kowa ɗaya ne. Babur ya tashi amma ba ya tsayawa a silo sai an ja cok, in ka saki totur ƙarar ba ta sauka da wuri, salansa kuma sai tas-tas yake yi a gangare. Ka kai wa bakanike, kafin ya kunce ko noti ɗaya ya ce maka kafireta ta mutu, a sayo sabuwa.

Ni dai ina ganin a yawancin lokuta zaluntar kafiretar ake yi. Mai laifin ita ce 'yar robar nan da ke haɗa kafireta da kan injin, wadda ba ta kai tafin hannu ba.

Ga abin da ke faruwa. Kafireta aikinta ta gauraya iska da mai daidai gwargwado, kusan kashi 15 na iska ga kashi 1 na mai idan aka auna da nauyi. Robar nan kuwa shekara da shekaru tana shan zafin injin da tiririn fetur, har sinadarin da ke sa ta laushi ya fice, ta ƙanƙance, ta bushe kamar ƙanzo. Daga nan ko dai ta tsage, ko ta daina kama bakin kafireta da kyau. Sai iska ta riƙa shiga ta ɓarauniyar hanya, mai ya yi kaɗan, injin ya riƙa ɗaukar zafin da ya wuce kima. In ka cire fulogi za ka ga bakinsa ya yi fari maimakon ruwan ƙasa. Wanda ya ci gaba da hawa a haka, musamman mai babur irin mai hayaƙi, wata rana fistin ne zai kama ko ya huje masa a tsakiyar titi.

Ni ma an yi mini. An cire mini kafiretar asali an sa wata mai sheƙi, bayan kwana uku ciwon ya dawo, domin robar tana nan yadda take. Da na koma neman tsohuwar, an ce yara sun kwashe ta cikin ƙarafa. Har yau abin yana yi mini ciwo, don Keihin da ke zuwa da Honda, da Mikuni da ke zuwa da Suzuki da Yamaha, ba irin abin da za ka samu a kowane shago ba ne yanzu.

Gwajin ba shi da wuya. Ka tayar da babur a fili, ka bar shi a silo, ka fesa ɗan maganin wanke kafireta a kewayen robar. In ƙarar injin ta canja, to iska na shiga. A yi hattara dai, abin yana kama wuta, kada a yi shi kusa da mai shan taba ko a kan injin da ya yi zafi sosai.

To a gyara robar ko a sauya? Nan ne nake saɓawa da wasu abokaina. Idan ta tsage, babu zancen gyara. Gam da salatif da robar tsohon tif da ake naɗewa, duk sayen kwana ne, fetur zai cinye su, kuma ɓarɓashinsu na iya faɗawa cikin injin. Man birki da wasu ke jiƙa ta a ciki kuwa ban yarda da shi ba, ɓata ta yake ƙara yi.

Idan taurin kawai ta yi ba tsaga, akwai dabara. Ruwan zafi yana sa ta laushi na ɗan lokaci, har ka samu ka zura kafireta ba tare da ka yaga ta ba. Masu tara tsoffin babura a Turai da Amurka suna jiƙa ta cikin man wintagirin, wato sinadarin nan da ke ba man zafi ƙamshinsa, a gauraye da sifirit, kashi 1 ga kashi 3. Tana kumbura ta yi laushi, bayan 'yan kwanaki ta koma girmanta. Dabarar tana aiki, amma laushin ba ya dawwama. Na fahimci mai Honda CB750, wadda ta fito a 1969 da silinda 4 da roba 4, in ya bi wannan hanya don ya rasa sababbi. Amma kai mai silinda 1, da kake hawa kullum zuwa kasuwa da goyon yara, me zai sa ka jingina lafiyar injinka a kan robar da ta girmi ɗanka na fari?

Za a ce sababbin na yanzu ba su da ƙarko, kuma gaskiya ne, akwai waɗanda ba sa shekara. Duk da haka, roba mai sauƙin kuɗi da za ka sauya duk shekara ta fi sake fistin da gyaran silinda araha. In za ka saya, ko a nan kusa ko ka aika Nnewi, tafi da tsohuwar a hannu ka gwada faɗin baki da tazarar ramukan noti. Ka matsa ta da yatsa, in ba ta lotsa ba ka ajiye musu. Kada kuma kalmar "orijina" ta ruɗe ka: wadda ta shekara 30 a cikin leda ita ma ta tsufa, ta tokumbo kuwa sau da yawa sa'ar taka ce.

Wajen ɗaurawa, a goge bakin injin tas, a sauya zoben robar da ke ƙarƙashi in akwai, kuma kada a matse kilif har ya nutse cikin robar. A duba ɗayar robar da ke tsakanin kafireta da matatar iska, don ita ce ke tallafe nauyin kafiretar ta baya. In ta saki, sabuwar da ka saka ba za ta daɗe ba ita ma za ta tsage.