Lokacin da Abokin Gaba Yake Zaune a Gefenka

Waiwaye adon tafiya ne, musamman ga mu da muka riski zamanin da kwamfutar gida ba ta da allon kanta, sai dai a jona ta da talabijin ɗin falo. A Ingila da Jamus da Amurka ne abin ya yi ƙarfi. A nan ƙasashenmu sai jefi-jefi ake ganinta, a gidan wanda ya je karatu Turai ya dawo da ita cikin akwati. Amma duk wanda ya taɓa riƙe sandar wasan nan mai jan maɓalli ɗaya, ya san abin da nake nufi.

Tushen abin wasan Combat ne, wanda kamfanin Atari ya haɗa da na'urarsa ta wasa a 1977. Tankar yaƙi biyu a fili ɗaya, kowa da tasa, minti 2 da daƙiƙa 16 an tashi. A wani salon harsashi yakan daki bango ya dawo, a wani kuma tankokin ɓacewa suke yi, ba ka ganin abokin karawarka sai ya yi harbi ko ya yi karo da wani abu. Duk salon nasa mutum biyu yake nema, domin ba a tsara shi yadda na'urar za ta yi maka abokin gaba ba. Dole ka fita ka kira ƙaninka ko ɗan maƙwabta.

Da Commodore 64 ta fito a 1982 da ramin sanda biyu a gefenta, sai fagen ya faɗaɗa. Wa zai manta da jiran wasa ya hau daga kaset? Ka danna, ka zauna, allo yana walƙiya da launuka, wani lokaci bayan dogon jira ya ƙi hawa a sake daga farko. A wannan jiran ake cika baki, ana rantsuwar yau sai an rama kayen jiya. A 1985 Electronic Arts ta fitar da Racing Destruction Set, inda za ka shimfiɗa hanyarka da kanka, ka zaɓi mota, ka zuba wa na bayanka mai a titi ko ka dasa masa nakiya. An raba allon biyu, sama naka ƙasa nasa. Haka ma Fire Power na Amiga a 1987, inda kowa ke ratsa sansanin ɗan'uwansa da tanka don ya sato tuta. Nan fa rigima take, domin ido ba ya jin hani: sai ka saci kallon ɓangarensa ka gano inda ya ɓuya. Har kwali yara sukan liƙa a tsakiyar talabijin, kowa ya karkata gefensa.

'Ya'yanmu a yau suna shiga PUBG mutum 100 a tsibiri ɗaya, da hoto kamar na fim. Ba na raina wannan, ci gaba ne. Abin da ke damuna shi ne zagin da nake ji yana fita daga wayoyinsu. Wanda ba ka ganin fuskarsa, bakinka ba ya jin nauyinsa. Mu kuwa wanda muka fasa wa tanka kafaɗarsa tana gugar tamu, kuma kwano ɗaya za mu sa hannu in an jima. Ka yi nasara ka yi dariya, amma da linzami, don ka san gobe sandar tana hannunsa.

Akwai wani wasa da aka fi mantawa da shi, shi ne kuma na fi so a tuna. Stuart Cheshire, wani matashi ɗan Ingila, ya rubuta Bolo a 1987 a kan BBC Micro, kwamfutar da ta cika makarantun ƙasarsu, daga baya ya mayar da shi kan Macintosh. Mutum 16 suna iya haɗuwa ta wayar da ke haɗa kwamfutoci a ɗaki ɗaya. Kowace tanka tana ɗauke da wani ɗan mutum da za ka aika ya sari itace, ya yi hanya, ya gina katanga, ya gyara hasumiyar harbi. In aka kashe shi, ka zama gurgu har sai an sauko maka da wani a lema. Wanda ya iya harbi kawai ba ya daɗewa a Bolo, sai mai haƙurin gini da iya ƙulla ƙawance, kuma ƙawancen da baki ake ƙulla shi, daga wannan kujera zuwa waccan.

Cheshire bai bar matsalar haɗa kwamfutoci ba. Ya yi digirin digirgir a Jami'ar Stanford, ya shiga kamfanin Apple, ya jagoranci aikin da ake kira Bonjour, wanda ke sa na'urori su gano juna ba tare da an yi ta saiti ba. Ma'aikaci da yawa a yau yana tura takarda daga wayarsa zuwa na'urar buga takardu ta ofis, bai taɓa jin sunan mutumin ba, balle na tankokinsa.